JINI DA ƘARIN JINI

Ya kai mai karatu, ko a Bebeji kake, ko Ƙiru, ko Tudun Wadar Ɗankadai, ko can Doguwa bayan dajin Falgore, da wuya a ce ba ka taɓa jin an zo da labari cewa wance ta haihu jini ya ɓalle mata, ana neman wanda zai ba da jini ba. Sau da yawa in maganar nan ta taso sai ka ga maza sun yi cirko-cirko, kowa yana duban ɗan'uwansa. Wani tsoro ke hana shi. Wani kuwa ya yarda, amma in an auna sai a ce nasa bai dace ba, ya koma gida yana mamaki, yana cewa ashe jini ba duk ɗaya ba ne? To, rashin sani ya fi dare duhu. Saboda haka za mu bayyana maka ko mene ne jini, da iri-irinsa, da yadda ake ɗibarsa a ajiye, da yadda ake ƙara wa marar lafiya.

MENE NE JINI?

A jikin babban mutum akwai jini kamar lita 5. In kana so ka gane yawansa, dubi ledar ruwan sha da ake sayarwa a tasha. Kowace leda rabin lita ce, watau jinin mutum duka bai wuce leda 10 ba. Zuciya ita ke tura shi cikin jijiyoyi dare da rana, ya zaga jiki ya komo, kamar yadda ruwan Tiga ke bin hanyoyin da aka gina masa ya shiga gonaki. Wani likitan Ingila, William Harvey, shi ya bayyana wannan zagaye filla-filla a 1628.

In ka dubi jini da ido sai ka ce jan ruwa ne kurum. Amma in an zuba shi a kwalba, an sa maganin hana shi daskarewa, an ajiye, sai ya rabu kamar gasara in ta kwanta. Ja ya zauna a ƙasa, wani ruwa fatsi-fatsi ya taso sama. Da madubin likita mai girmama ƙananan abubuwa aka gane cewa abu huɗu ne a haɗe.

Na farko jajayen ƙwayoyi. Su ne 'yan dako. Suna ɗauko iska mai kyau daga huhu su kai wa kowace gaɓa. Abin da ke riƙe iskar a cikinsu sinadarin ƙarfe ke gina shi, wanda muke samu daga hanta da nama da kifi da wake da ganyaye irin su zogale da alayyafo. Kowace ƙwaya takan yi kwana 120 tana aiki, sa'an nan ta mutu. A cikin ɓargo ake yin sababbi, wajen miliyan 2 a kowace daƙiƙa.

Na biyu fararen ƙwayoyi. Su ne mayaƙa, masu faɗa da cuta in ta shiga jiki.

Na uku wasu 'yan mitsi-mitsi ne da likitoci ke kira filatilet. Su ne masu toshe kafa. In ka yanke da lauje, su ke taruwa a bakin raunin su liƙe shi, jini ya tsaya.

Na huɗu shi ne ruwan jini, wanda ake kira filasma. Ya ɗara rabin jini kaɗan. A cikinsa sauran ukun ke yawo, shi ke ɗauke da abinci da gishiri da sinadaran da ke sa jini ya daskare.

YADDA AKA GANO RUKUNIN JINI

Mutanen da sun daɗe suna tunanin ƙara wa marar lafiya jini, amma sun sha wuya kafin su gane hanya. A 1667 wani likita a Faris ta ƙasar Faransa, Jean-Baptiste Denys, ya ƙara wa mutane jinin tumaki da na maraƙi. Da ɗaya daga cikinsu ya mutu sai hukuma ta hana. A 1818 James Blundell, likitan mata a Landan, ya fara ƙara wa mutum jinin mutum, domin ya gaji da ganin mata suna mutuwa da zubar jini bayan haihuwa. Wasu suka tashi, wasu suka mutu, ba wanda ya san dalili.

Sai a 1901 Karl Landsteiner, wani masani a birnin Biyenna ta ƙasar Ostiriya, ya warware matsalar. Ya ɗebi jininsa da na abokan aikinsa, ya raba ƙwayoyin da ruwan, ya riƙa gauraya ƙwayoyin wannan da ruwan wancan. Sai ya ga wani haɗin ya zauna lafiya, wani kuwa ya cure ya yi gudaji kamar nono ya tsinke. Da haka ya gane rukuni uku, waɗanda yau ake kira A da B da O. A 1902 abokan aikinsa suka gano na huɗu, AB. An ba shi kyautar Nobel a 1930 saboda wannan aiki.

Ga yadda abin yake. Ka san a da akan gane mutum da tsagar fuskarsa, a ce wannan daga gari kaza ya fito. To, jajayen ƙwayoyi ma suna da tsaga. Wasu suna da tsagar A, wasu tsagar B, wasu suna da duka biyu, su ne AB, wasu kuwa ba su da ko ɗaya, su ne O. A cikin ruwan jini kuma akwai dogarai masu tsaron ƙofa, aikinsu su far wa duk ƙwayar da ta zo da tsagar da ba ta gidan ba. Mai A dogaransa suna kama B. Mai B dogaransa suna kama A. Mai O dogaransa suna kama A da B duka. Mai AB kuwa ba shi da dogaran da ke kama ko ɗaya.

Daga nan kai ma za ka iya lissafin wa zai ba wa. In jajayen ƙwayoyi za a ƙara, mai A ya karɓa daga A ko O. Mai B ya karɓa daga B ko O. Mai AB ya karɓa daga kowa. Mai O yana ba kowa, tun da ƙwayoyinsa ba su da tsagar da za a kama, amma shi ba ya karɓa sai daga O ɗan'uwansa. In aka yi kuskure aka ƙara wa mutum wanda bai dace ba, dogarai su farfasa baƙin ƙwayoyin, ƙoda ta toshe, mutum yana iya mutuwa.

A Nijeriya kusan rabin mutane O ne. Masu A da masu B kowannensu ya kai kamar ɗaya cikin biyar ko ya ɗara. Masu AB su ne 'yan kaɗan. Kada wani ya ce maka wani rukuni ya fi wani daraja ko ƙarfi. Ba rukunin sarauta, ba na talaka.

Mutum gadon rukuninsa yake yi, rabi daga uwa rabi daga uba, kuma ba ya sakewa da abinci ko da tsufa. Amma gadon yana da sarƙaƙiya. Uba mai A da uwa mai B suna iya haifar ɗa mai A, ko B, ko AB, ko O. Shi ya sa za ka ga wa da ƙane, uwa ɗaya uba ɗaya, jininsu bai dace ba, alhali kuwa na wani baƙo daga Riruwai ya dace.

WATA TSAGA TA DABAN

A 1940 Landsteiner da Alexander Wiener suka ba da labarin wata tsaga kuma, wadda ake kira Rh. Wanda ke da ita a ce masa fozitif, a rubuta masa alamar tarawa, kamar O+. Wanda ba shi da ita a ce masa negetif, a rubuta alamar ɗebewa, kamar O−. A ƙasarmu marasa ita ba su da yawa, kamar mutum 5 ne cikin 100. Saboda haka jininsu wuyar samu gare shi, kuma O− shi ne wanda akan ɗauko in rai ya yi halinsa ba a sami sukunin awo ba.

Wannan magana ta fi shafar mata. In mace negetif ce, mijinta fozitif, ɗan da ke cikinta yana iya gado uban. Wajen haihuwa ko ɓari jinin ɗan yakan ɗan shiga na uwar, jikinta ya ɗauke shi baƙo, ya shirya masa dogarai. Ɗan fari yakan tsira. Amma na bayansa dogaran nan sukan ratsa mahaifa su farfasa musu jini, a haife su da shawara mai tsanani, ko su zo ba rai. Wannan yana cikin dalilan da kan sa a ce mace tana wabi, a dinga zargin iska ko sammu. Tun 1968 akwai allurar da ake yi wa irin wannan mace cikin awa 72 bayan ta haihu, ta hana jikinta shirya dogaran. Amma wa zai yi mata in ba ta je awon ciki an san rukuninta ba?

RUKUNIN JINI BA SHI NE JINSIN SIKILA BA

Mutane da yawa suna rikita abu biyu. Rukunin jini, watau A, B, AB da O, magana ce ta ƙarin jini. Amma AA da AS da SS magana ce ta amosanin jini, wanda ake kira sikila. Kamar mutum ɗaya cikin huɗu a Nijeriya AS ne, lafiyarsa lau. In AS ya auri AS, kowane ciki yana da rabon ɗaya cikin huɗu ya zo SS. A 2024 Gwamnan Kano, Abba Kabir Yusuf, ya sa hannu a dokar da ta wajabta awon lafiya kafin aure, har da awon sikila. In ka je wannan awo, roƙi a duba maka rukuninka gaba ɗaya, ka rubuta a takarda ka adana.

SU WA KE BUKATAR JINI?

Na gaba duka mata masu haihuwa. In mace ta zubar da rabin lita ko fiye bayan ta sauka, likitoci sun ce ta shiga haɗari, kuma in jinin ya ɓalle sosai ba a tsai da shi ba tana iya cikawa cikin awa 2. Zubar jini ita ce babbar mai kashe masu haihuwa a duniya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2023 mata kamar 75,000 suka mutu a Nijeriya ta dalilin ciki da haihuwa, watau fiye da ɗaya cikin huɗu na duniya duka. A 2023 ɗin aka buga sakamakon wani bincike da aka yi a asibitoci 80 na Nijeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, wanda Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero tana cikin shugabanninsa. Sun nuna cewa in an shimfiɗa wa mai haihuwa wata leda mai awo da ke tara jinin, aka gane da wuri, aka haɗa mata magunguna gaba ɗaya, mummunar zubar jini takan ragu da kashi 60 cikin 100. Wannan a asibiti ake yinsa, ba a ɗaka ba.

Na biyu yara ƙanana. Ƙwayar zazzaɓin cizon sauro cikin jajayen ƙwayoyi take shiga ta farfasa su. Da damina, da kuma wuraren noman rani inda ruwa ba ya yankewa, sai ka ga yaro ya yi fari fat, tafin hannunsa da cikin idonsa ba ja, yana numfashi sama-sama. Wannan jininsa ya ƙare, a gaggauta kai shi.

Na uku masu sikila. Na huɗu waɗanda suka yi haɗarin mota, ga shi kuwa hanyar Kano zuwa Zariya ta bi ta Kwanar Ɗangora, ta Jos kuma ta ratsa Tudun Wada da Falgore, motoci ba dare ba rana. Sai kuma waɗanda za a yi wa aiki.

Ka tuna da nisa. Manyan asibitocin da suka fi kayan aiki, irin su Asibitin Murtala da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, suna cikin birni. Daga Doguwa zuwa can tafiyar awoyi ce. Macen da ke da awa 2 ba za ta jira wannan ba. Jinin da zai cece ta shi ne wanda ke ajiye a asibitin da ke kusa da ita, kuma ba mai ajiye shi sai mutanen wurin.

YADDA AKE AJIYE JINI A RABA SHI

Da can sai an kwantar da mai bayarwa kusa da mai karɓa, domin jini da ya fito yake daskarewa. A 1914 Albert Hustin a Beljiyam da Luis Agote a Ajantina suka nuna cewa wani gishiri, dangin tsamin lemo, yana hana shi daskarewa. A 1937 aka buɗe rumbun jini a wani asibitin Shikago ta Amurka. A 1940 kuma wani likita baƙar fata Ba'amurke, Charles Drew, ya shugabanci aikin tara ruwan jini ana aika wa Ingila lokacin yaƙin duniya na biyu.

Yau akan sa ledar jini a wani inji mai juyawa da sauri, ya raba shi kamar yadda Bafillatana ke kaɗa nono ta fid da mai. Da haka leda ɗaya sai ta amfani mutum uku.

Jajayen ƙwayoyi na wanda jininsa ya ƙare ne. A firji ake ajiye su, a sanyin da bai kai na ƙanƙara ba, su yi kwana 35 zuwa 42.

Ruwan jini na wanda jininsa ya ƙi daskarewa ne. Shi akan mai da shi ƙanƙara, ya shekara bai lalace ba. A nan lissafi juyawa yake yi, ruwan mai AB shi ne ake ba kowa, tun da ba dogarai a cikinsa.

Filatilet na wanda nasa suka yi ƙaranci ne, kamar mai sankarar jini. Su ba su son firji, kuma sai ana jijjiga su a hankali. Kwana 5 kurum suke yi.

Raba jini sai da inji da wutar lantarki wadda ba ta yankewa. Saboda haka a yawancin asibitocin karkara jinin ake ƙarawa ɗungum, ko a bar shi ya kwanta a rage ruwan. Ko ta yaya, jini ba hatsi ba ne da za a zuba a rumbu a manta. Yana da wa'adi, dole a riƙa sabunta shi.

IN KA JE BA DA JINI

Ana karɓa daga mai shekara 18 zuwa 65, wanda nauyinsa ya kai kilo 50, kuma yana da lafiya. Za a yi maka tambayoyi, a auna bugun jininka, a ɗan soki yatsanka a ga ko kana da isasshe. In bai isa ba ba za a taɓa ka ba. Ba a ɗibar na mai ciki, ko mai jego, ko mai zazzaɓi, ko mai SS.

Abin da za a ɗiba mililita 450 ne, bai cika ledar ruwa ɗaya ba, watau bai kai ɗaya cikin goma na jininka ba. Ɗibar kanta kamar minti 10 ce. Allura da leda sababbi ne, ba a taɓa sa wa kowa ba, saboda haka ba ka ɗaukar cuta. Ka ci abinci kafin ka je, ka sha ruwa da yawa bayan an gama, ka huta, kada ka ɗauki garma ko buhu ranar nan. In da azumi ne ka bari sai bayan shan ruwa. Ruwan da aka ɗiba yakan komo cikin kwana ɗaya ko biyu, ƙwayoyin kuwa cikin 'yan makonni. Namiji yana iya sake bayarwa bayan wata 3, mace bayan wata 4. Ba da jini ba ya rage ƙarfin namiji, ba ya hana haihuwa. Kuma ba jan launin abin sha ke mayar da jini ba, abinci mai gina jiki ne.

Kowace leda sai an auna ta don cuta huɗu: ƙanjamau, da ciwon hanta iri biyu, B da C, da tunjere. Amma cutar da ta shiga jiki kwanan nan takan ɓuya wa awo. Don haka in an tambaye ka, faɗi gaskiya tsakaninka da Allah, domin ƙaryarka tana iya zama ajalin jaririn wani. A nan ne haɗarin 'yan sayar da jini yake, waɗanda ke raɓe a bakin asibiti. Mai neman kuɗi yakan ɓoye ciwonsa, ya kuma bayar fiye da ƙima. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana cinikin jini. A 2021 kuma aka yi dokar da ta kafa hukumar kula da jini ta ƙasa.

Kafin a ɗaura wa marar lafiya leda sai an gauraya ɗan jininsa da na ledar an ga sun zauna lafiya, ko da rukuninsu ɗaya ne. Kada ka ga an daɗe ka yi fushi da ma'aikata. In an ɗaura kuwa, kai mai jinya ka sa ido, musamman minti 15 na farko. In ka ga rawar ɗari, ko zafin jiki, ko ciwon baya, ko numfashi ya sarƙe, ko fitsari ya yi baƙi, kira malamin asibiti nan take.

Wata gargaɗi kuma. An fi so kada a ƙara wa matar da ke cikin shekarun haihuwa jinin mijinta, domin jikinta yana iya shirya dogaran da za su cuci 'ya'yan da za ta haifa masa nan gaba. Miji ya ba da nasa a ajiye wa wani, a ɗauko wa matarsa na wani.

Wasu sukan tambaya, in mace ta ba yaro jini, ya zama ɗanta kamar na shayarwa? Majalisar malaman fiƙihu ta Rabiɗa ta zauna a Makka a 1989 ta ce ƙarin jini ba ya haramta aure kamar yadda nono ke yi.

BA A FAFE GORA RANAR TAFIYA

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce in mutum 1 cikin 100 yana ba da jini, ƙasa za ta sami abin da zai biya mata bukatar yau da kullum. Watau a garin da ke da mutum 5,000, mutum 50 ake nema. Wace unguwa ce a Ƙiru ko Bebeji za ta rasa samari majiya ƙarfi da za su cika wannan?

To, ga abin da ya rage gare ka. Je ka a auna ka, ka san rukuninka da na iyalinka. In matarka ta sami ciki, ta je awo, kuma tun cikin yana wata 7 ka nemi mutum biyu ko uku da jininsu ya dace da nata, ka shirya motar da za ta ɗauke ta ko da tsakar dare. Ku 'yan ƙungiyar manoma, da direbobi, da 'yan kasuwa, da matasan masallaci da na coci, ku rubuta sunayen masu son bayarwa da rukunin kowa, ku kai wa asibitin garinku. Masu negetif su san juna. Ran 14 ga Yuni ta kowace shekara, ranar haihuwar Landsteiner, ita duniya ta keɓe tun 2004 don gode wa masu ba da jini kyauta. Amma kada ka jira ta, mai naƙuda ba ta duba kalanda.

Har yau ba a sami masana'antar da ke ƙera jinin da za a ƙara wa mutane ba, daga jikin ɗan Adam kaɗai yake fitowa. Wanda ka ba yau ba lalle ka san shi ba, wanda zai ba naka gobe shi ma ba lalle ya san ka ba. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Allah ya ba mu lafiya, ya sauki mata lafiya, amin.